Wasiƙun Hamilton: Yadda Alƙalami Ya Gina Baitulmalin Amurka

A ranar 11 ga Satumba, 1789, aka naɗa Alexander Hamilton sakataren baitulmalin Amurka na farko, wato ministan kuɗi. Ofishin da ya tarar a birnin New York, inda gwamnati take zaune a lokacin, suna kawai ya tara. Asusu wayam yake. Sojojin da suka yi yaƙin neman 'yanci suna riƙe da takardun bashi da ba wanda ya yarda za a biya, Faransa da bankunan Holand suna bin ƙasar kuɗi, kuɗin ruwa kuma ya taru shekara da shekaru. Kafin mako ya zagayo, sabon ministan ya nemi rancen dala dubu 50 daga Bankin New York, ya kuma rubuta wa Bankin Arewacin Amurka da ke Filadelfiya yana neman irinsa, domin gwamnati ta samu abin fara biyan albashi. Daga nan har ya ajiye aiki a ƙarshen Janairun 1795, aikinsa mafi yawa rubuta wasiƙa ne da amsa wasiƙa.

A 'yan shekarun nan sunan Hamilton ya sake tashi. Hotonsa na kan takardar dala 10, wasan kwaikwayo na waƙa da aka fara nunawa a kansa a 2015 ya zagaya duniya, tun 2013 kuma hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta ɗora wasiƙunsa a intanet kyauta. Masu zuwa karantawa sukan nemi labarin soyayyarsa, ko rigimarsa da Thomas Jefferson, ko fito-na-fiton da Aaron Burr ya harbe shi a ciki a 1804. Abin da suke tararwa da yawa kuwa shi ne takardun ofis marasa armashi: yadda za a auna gangar giya, nawa za a biya mai kunna fitilar bakin teku, wace rana jami'in kwastam zai aiko da lissafi. A ganina, a cikin waɗannan takardu marasa armashi ne Amurka ta samu mutuncin da ya sa aka fara yarda da ita a ba ta bashi. Manyan rahotannin da Hamilton ya kai wa majalisa alkawari ne, wasiƙun yau da kullum su suka cika alkawarin.

Ƙasa mai bashi, babu mai tara haraji

Kafin kundin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1789, gwamnatin tarayya ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji. Roƙon jihohi take yi su aiko da kasonsu, jihohin kuma su aiko da abin da suka ga dama, wasu su yi shiru. Hamilton ya san wannan ciwo da kansa, domin a 1782 an ba shi aikin karɓar kason jihar New York, ya ga yadda abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba. Ya kuma zo da horo iri biyu da suka dace da aikin: yana yaro ya yi akawu a wani kamfanin fatauci a tsibirin St. Croix, sannan daga 1777 zuwa 1781 ya zama magatakardan Janar George Washington a fagen yaƙi, yana rubuta umarni da sunan shugabansa.

A rahoton da ya miƙa wa majalisa a Janairun 1790, ya ƙiyasta bashin tarayya da kusan dala miliyan 54, na jihohi kuma da kusan miliyan 25. Ya ba da shawara tarayya ta ɗauki nauyin duka, ta riƙa biyan kuɗin ruwa a kan kari. Majalisa ta amince da tsarin a Agustan wannan shekara bayan doguwar jayayya. Sai dai doka ba ta haifar da ko sisi. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati daga harajin kayan da ake shigowa da su ta teku yake fitowa, kuma masu karɓar wannan haraji suna warwatse a bakin teku daga arewa mai nisa har Georgia. Dokar Yulin 1789 ta raba gaɓar zuwa gundumomin kwastam 59. Wasiƙa daga fadar gwamnati zuwa tashoshin kudu takan yi makonni a hanya. Ministan ba zai iya zagaya su ba, ba shi kuma da wata hanyar magana da su sai takarda.

Wasiƙa ɗaya, tashoshi da yawa

Makamin da ya fi dogara da shi shi ne wasiƙar gama-gari: a rubuta umarni ɗaya, akawuna su kwafa, a aika wa kowane shugaban kwastam. Da wannan hanya Benjamin Lincoln a Boston, John Lamb a New York, Sharp Delany a Filadelfiya da Otho Williams a Baltimore suka riƙa karanta kalmomi iri ɗaya kan abu ɗaya. Muhimmancin haka a fili yake ga duk wanda ya san halin fatake. Idan wata tasha ta fi wata sassauci, jiragen ruwa can za su karkata, tashar da ke bin doka ta bushe, jami'inta kuma ya ga cewa gaskiyarsa ta jawo wa garinsu asara. Daidaita umarni shi ne abin da ya hana tashoshin yin gasar rangwame da kuɗin gwamnati.

Ɗaya daga cikin wasiƙun farko, ta ranar 22 ga Satumba, 1789, ta nuna yadda yake aiki. Doka ta ce a biya haraji da tsabar zinariya da azurfa, alhali tsabar ta yi ƙaranci a hannun jama'a. Hamilton ya umarci jami'ai su karɓi takardun kuɗi na Bankin New York da na Bankin Arewacin Amurka a matsayin tsaba, daga baya ya bayyana wa majalisa cewa manufar dokar ita ce hana karɓar kuɗin takarda na jihohi da darajarsu ta zube. Wannan umarni ya sauƙaƙa wa 'yan kasuwa biya, ya sa aika kuɗi daga tasha zuwa baitulmali ya rage haɗari, ya kuma ƙara wa takardun banki daraja. A cikin watannin farko kuma ya bukaci a riƙa aiko masa da lissafin kuɗin da ke hannun kowane jami'i mako-mako. Ministan da ya san abin da ke cikin akwati a Boston da Charleston zai iya yi wa mai bin bashi alkawarin ranar biya ba tare da zullumi ba.

Wasiƙun ba umarni kaɗai suke ɗauke da shi ba, tambaya ma suna yi. A Oktoban 1789 ya nemi jami'an kwastam su faɗa masa inda dokokin suke da gurbi, da ko ana bukatar jiragen sintiri don daƙile fasa-ƙwauri. Amsoshinsu ne suka zama hujjarsa a gaban majalisa, wadda a Agustan 1790 ta amince a ƙera jiragen sintiri 10, tushen rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yau. Haka ya yi a tsakiyar 1791, lokacin da ya rubuta wa jami'an haraji na jihohi su tattaro masa bayanin abin da masaƙa, maƙera, majema da sauran masu sana'a suke yi a yankunansu, ya gina rahotonsa kan masana'antu na Disamban wannan shekara da taimakon abin da suka aiko. Har man fitilun bakin teku da albashin masu kula da su ta teburinsa suke bi, domin majalisa ta ɗora wa baitulmali wannan nauyi tun Agustan 1789.

Umarni tare da dalili

Abin da ya bambanta waɗannan takardu da umarnin soja shi ne yawancinsu suna faɗin dalili. Misali mafi shahara shi ne wasiƙar 4 ga Yuni, 1791, zuwa ga kyaftin-kyaftin na jiragen sintiri. Bayan ya lissafa musu ikonsu na tsayar da jirgi da bincikar takardunsa, sai ya ja musu kunne cewa mutanen da za su yi mu'amala da su 'yantattu ne da ba sa jure wulaƙanci, don haka su guji girman kai, gatsali da zagi, su bar doka ta hukunta mai laifi. Wannan gargaɗi siyasa ce tsantsa. Mutanen da ake neman su biya haraji su ne waɗanda suka yi wa jami'an kwastam na Ingila bore shekaru kaɗan da suka wuce, kuma a zamanin mulkin mallaka fasa-ƙwauri bai zama abin kunya a garuruwan bakin teku ba. Gwamnatin da ba ta da sojoji masu yawa ba za ta iya tilasta wa kowa ba, dole ta sa biyan haraji ya zama abin da mutumin kirki zai yi ba tare da jin an taka shi ba.

Faɗin dalili yana da wani amfani kuma. Jami'in da ke nesa zai gamu da abin da umarni bai ambata ba: jirgin da guguwa ta koro, kayan da ruwa ya lalata, ɗan kasuwar da ya mutu kafin lokacin biyan bashinsa ya yi. Idan ya san manufar umarnin, zai iya yanke hukunci kusa da abin da ofishin minista zai yanke, maimakon ya tsare jirgi wata guda yana jiran amsa.

Wa ke da ikon fassara doka?

Suka ta farko da za a yi wa wannan tsari, wadda tun a zamaninsa aka yi ta, ita ce ya tara iko a hannun mutum ɗaya. Ma'aikatan hedikwatar baitulmali sun kusa 40 tun a shekarar farko, alhali na ma'aikatar harkokin waje da Jefferson ya jagoranta ba su kai 10 ba, ga kuma ɗaruruwan jami'ai a tashoshi. Da wasu shugabannin kwastam suka fara cewa rantsuwarsu ta bin doka ce, ba ta bin fassarar minista ba, Hamilton ya mayar musu da martani a wasiƙar gama-gari ta Yulin 1792. Ya ce ikon sa ido kan tara haraji da doka ta ba shi ya haɗa da ikon tsayar da ma'anar dokar ga jami'an da ke ƙarƙashinsa, in ba haka ba kowace tasha za ta zama mai dokar kanta, kuma idan fassarar ta zama kuskure, alhakin yana wuyan shugaban ma'aikata.

Masu tsoron wannan iko ba su yi ƙarya ba. A 1793, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila kuma shugaban ƙasa Washington ya ayyana cewa Amurka 'yar ba-ruwanmu ce, Hamilton ya tsara wasiƙar da za ta sa jami'an kwastam su riƙa kawo masa rahoton duk wanda ya karya wannan matsayi. Jefferson ya ƙi amincewa, yana ganin za a mayar da masu karɓar haraji 'yan leƙen asiri a kan 'yan ƙasa, a kuma ja harkar da ba ta kuɗi ba zuwa ofishin kuɗi. Aka sasanta a kan cewa a riƙa kai irin wannan rahoto ga lauyoyin gwamnati na gundumomi. Amma a lura da abin da ya ba Jefferson damar yin gardamar: daftari ne a rubuce, wanda ya karanta, ya nuna wurin da bai yarda da shi ba, aka gyara kafin a aika. Haka kuma, wanda fassarar baitulmali ta cuta yana da ƙofar kotu. Lokacin da Jeremiah Olney, shugaban kwastam na Providence, ya hana wasu attajiran garin jinkirin biyan haraji saboda tsohon bashi da ba a biya ba, sun kai shi ƙara, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli a 1796. Iko a rubuce iko ne da ake iya nunawa da yatsa a ƙalubalanta. Umarnin da aka raɗa wa jami'i a kunne ba shi da mariƙin da za a kama.

Inda takarda ta kare shi, inda baki ya ba shi kunya

Gwaji mafi tsanani ya zo a farkon 1793. Ɗan majalisa William Branch Giles na Virginia ya gabatar da ƙudurorin neman cikakken bayani kan rancen da aka karɓo daga Turai, musamman daga bankunan Amsterdam, ana zargin cewa ministan ya cakuɗa rance biyu da majalisa ta ware wa ayyuka daban-daban, ya kuma jawo kuɗin gida don amfanin Bankin Amurka da aka kafa a 1791. Majalisar na gab da tashi, masu zargi na tsammanin ba zai iya amsawa kafin lokacin ba. Cikin 'yan makonni ya aika da rahotanni cike da alƙaluma da kwafin wasiƙu, ciki har da waɗanda ya yi musaya da William Short, wakilin Amurka da ke kula da rancen a Turai. Ƙudurorin tsawatar masa da Giles ya kawo daga baya duka suka faɗi a farkon Maris. Ya iya yin haka ne domin tsarin ofishin ya tilasta barin sawu: ba a fitar da kuɗi sai minista ya sa hannu a takardar izini, kwanturola ya sa nasa, magatakarda ya shigar a littafi, sannan ma'aji ya biya.

A wuri ɗaya ne ƙafarsa ta zame, kuma wurin yana ƙarfafa hujjar. A wani binciken da kwamitin majalisa ya yi a 1794 an tambaye shi wa ya ba shi izinin jawo kuɗin rancen gida. Ya ce shugaban ƙasa ne, kuma wani ɓangare na izinin da baki aka ba shi. Da aka nemi Washington ya tabbatar, sai ya rubuta cewa ba zai iya tuna dukkan abin da suka tattauna ba, amma bai yi shakkar cewa ya amince ba, bisa sharaɗin abin ya dace da doka. Amsar ta yi wa Hamilton ciwo ƙwarai. Kwamitin bai same shi da cin kuɗi ba, sai dai abin da aka bari ga tunin mutum ya zama raunin da abokan hamayya suka riƙa sosawa.

Wasiƙun sun kuma nuna yadda ya bi da abokai. A ƙarshen 1789 abokinsa na fagen yaƙi Henry Lee ya rubuto yana tambayar ko darajar takardun bashi za ta tashi. Hamilton ya ƙi faɗa masa, yana nuna cewa mai riƙe da kuɗin jama'a dole ya nisanci zargi ma, balle laifi. A 1792, da William Duer, wanda ya taɓa zama mataimakinsa, ya nutse a cacar takardun bashi ya jawo rugujewar kasuwa a New York, baitulmali ya kai shi ƙara kan tsofaffin kuɗin gwamnati da bai yi lissafinsu ba. Duer ya roƙi a dakatar da ƙarar, Hamilton ya amsa masa cewa lokaci ya wuce. A kwanakin nan kuma yana rubuta wa William Seton na Bankin New York umarnin sayen takardun bashin gwamnati a kasuwa domin a tsayar da faɗuwar farashi.

Abin da rubutu bai wanke ba

Suka ta biyu ta fi nauyi: tsari mai kyau yana iya yi wa zalunci hidima. Naɗa Duer tun farko kuskure ne babba. Tsoffin sojoji da manoma da yawa sun sayar da takardun bashinsu da araha a shekarun wahala, dillalan da suka saye su ne suka ci ribar tsarin Hamilton, kuma ɗan majalisa James Madison ya nemi a ba masu asali wani kaso bai yi nasara ba. Harajin wiski na 1791 ya fi takura wa ƙananan manoman yamma, ya kai ga boren yammacin Pennsylvania a 1794, wanda aka tura dakaru kusan dubu 13 su kwantar. Mafi muni, a ƙasar da ƙidayar 1790 ta nuna tana riƙe da bayi kusan dubu 700, wannan ofishi ne ya rubuta wa jakadan Faransa a Satumban 1791 cewa za a ba shi dala dubu 40 daga bashin da Faransa ke bin Amurka, domin taimaka wa Turawan Saint-Domingue, Haiti ta yau, da bayi suka yi wa tawaye. Kuɗin da aka tura ta wannan hanya daga baya sun kai ɗaruruwan dubban daloli.

Babu abin da zai wanke waɗannan. Abin da za a iya cewa shi ne rubutu bai taɓa yin alkawarin mayar da manufa ta zama adalci ba. Abin da yake yi shi ne ya hana musu. Mun san adadin kuɗin da aka tura Saint-Domingue, da ranar, da wanda ya ba da izini, domin ofishin da ya aikata shi ne ya rubuta.

Akwai kuma masana tarihi, irin su Gautham Rao, da suka nuna cewa abin da ke cikin takarda ba shi ne kullum abin da ke faruwa a tasha ba. Shugabannin kwastam maƙwabtan attajirai ne, sukan ɗaga musu ƙafa wajen lokacin biya, sukan kau da kai daga ƙananan kurakurai, kuma gwamnati ta san da haka ta haƙura domin tana bukatar yardar 'yan kasuwa. Wannan gaskiya ne, kuma yana rage wa Hamilton kwarjinin mai juya ƙasa daga tebur. Amma sassauci a cikin iyakar da aka sani daban yake da rashin iyaka. Jami'in da ya yi wa ɗan kasuwa uzuri ya san lissafinsa zai je gaban mai bincike, ya kuma san iya inda zai tsaya. Sakamakon ya bayyana a asusu: kuɗin kwastam ya haura dala miliyan 5 a shekara zuwa tsakiyar shekarun 1790, ana biyan kuɗin ruwa a kan lokaci, takardun bashin da a da ake sayarwa da araha suka kai cikakkiyar darajarsu.

Gadon da abokan hamayya suka riƙe

Oliver Wolcott, wanda ya fara a matsayin mai binciken lissafi a ofishin, shi ya gaji Hamilton a 1795. A 1801 mulki ya koma hannun Jefferson, ya naɗa Albert Gallatin, ɗaya daga cikin manyan masu sukar Hamilton a majalisa, wanda ya riƙe ofishin har 1814. Sun soke harajin wiski a 1802, sun dage kan rage bashi, sun matsa a riƙa ware kowane kuɗi ga takamaiman aiki. Amma gundumomin kwastam, wasiƙun gama-gari, lissafin lokaci-lokaci da takardar izini mai hannu biyu duka sun bar su. Manufa ta sauya, hanyar aiki ta zauna, domin ba a cikin kan mutum ɗaya take ba. Ko gobarar da ta cinye ginin baitulmali a 1833, bayan wadda sojojin Ingila suka tayar a 1814, ba ta shafe tarihin ba, saboda kwafin wasiƙun da yawa suna ajiye a tashoshi da hannun iyalan waɗanda aka aika wa. Daga irin waɗannan wurare ne Harold Syrett da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia suka tattara takardun Hamilton cikin juzu'i 27 tsakanin 1961 da 1987.

Ana iya saɓa wa Hamilton kan wa ya kamata ya ci ribar bashin ƙasa, ko kan girman ikon da gwamnatin tarayya ta cancanta, kuma Amurkawa har yau suna wannan gardama. Abin da wasiƙunsa suka tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi dorewa. Mai ba da rance ba ya duba zaƙin jawabin minista, yana duba ko jami'in da ke tasha mafi nisa yana karɓar abin da doka ta ce, yana aikawa a ranar da aka ce, kuma akwai takardar da za a kama shi da ita, a kama ministan da ita, idan ɗayansu ya kauce.